Birki Uku Gare Ta

Zuwa ga Likita,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina fata takardar nan ta same ku lafiya a gidan Goggonku, kai da Hadiza da amaryata Balkisu. Allah Ya tsare ku inda kuke, Ya tsare muku hanyar da ke gabanku, wadda ta fi wadda kuka baro tsawo da wuya. Mu nan Illela lafiya lau muke, in ban da abin da ya zaunar da ni rubutu, ni da idona ya fara gajiya har tuƙi ya gagare ni.

Zan faɗi maganar tun daga sama, don na san halinka, layi uku kake karantawa ka ninke takarda ka sa aljihu. Jif ɗin nan da na ba ka ran Litinin, motar da kake shirin hawa dutsen Mambila da ita ran Asabar da matarka da 'yarka a ciki, birki uku gare ta. Ƙafar baya ta hagu ba ta kamawa ko kaɗan. Ba tsakanin nan da Sakkwato ta lalace ba. Ni na toshe bututun da ke kai mata mai, da ƙusa, da hannuna, yau shekara huɗu. Kada ka kama hanyar Gembu, can saman dutsen, sai an cire ƙusar nan an gyara ƙafar.

Sau uku na kira ka a waya kan wannan magana. Na farko ka ce kana ofis ana sa maka hannu a takardun aiki. Na biyu ban kai ƙarshen gaisuwa ba ka fara jera mini "To Baba, in sha Allahu Baba," irin amsar da ake yi wa tsoho don ya yi shiru. Na uku na ce ka kai a duba birki, sai ka ce ai an riga an jona mata kwamfuta, ba ta nuna komai ba. Wallahi a ranar da kana kusa da sai na jefe ka da carbi. Kwamfuta ba ta ganin ƙusa. Abin da waya ta gaya mata shi take faɗi, ƙusa kuwa ba ta da waya. Kai da kake likitan dabbobi, ka taɓa sanin saniya na ɗingishi ba ka sa an kora ta ka ga takunta ba?

Amma ba zan ɗora maka laifin duka ba. Ko a wayar kewaye-kewaye na riƙa yi, ina cewa a duba, a duba, na kasa cewa ga abin da na aikata. Kai ne ɗana na fari, ko sunanka ba na kamawa, ban taɓa zama da kai mun yi hira ta ƙwarai ba, haka aka tashe mu. Sai ga shi magana ta farko mai nauyi da zan yi da kai ta tona wa kaina asiri ce. Bakina ya ƙi, shi ya sa na koma biro.

Ga yadda aka yi. Da damina ne, na je Tozai duba gonar wake, ina dawowa bayan la'asar. Na zo wani ɗan kwari na taka birki, sai na ji ƙafata ta nutse har ƙasa kamar na taka kunu. Na saki totur, rairayi ya tsayar da motar. Da na leƙa ƙarƙashi sai ga mai yana bin cikin tayar baya ta hagu yana ɗiga. Robar da ke cikin ɗan tulun nan mai buɗe takalman birki ce ta mutu, duk takawa sai ta watsar da mai. Ba gari kusa, hadari na haɗuwa gabas. Wani mai amalanke ya tsaya, na roƙe shi ya zare mini ƙusa ƙarama daga katakonsa. Ya zare, ya miƙo, yana kallona.

Ya ce, "Alhaji, mi za ka yi da ƙusa cikin mota?"

Na ce gida kawai za ta kai ni.

Ya ce, "To in ka kai gida ka hidda ta. Ni ko ga amalanken ga ban yarda da ita ba."

Na yi dariya. Na kwance bututun a inda ya rabu biyu a kan ƙarfen ƙafafun baya, na zura ƙusar, kanta ya rufe bakin, na mayar na ɗaure. Na buɗe bonet, sai na tarar gwangwanin man birki ya kusa ƙafewa, ni kuma ba ni da ko ɗigo a mota. Akwai wata mata na wanki a bakin rijiya can gefe. Na karɓi ruwa da garin sabulu a wurinta, na dama, na zuba, kamar yadda na ga direbobi na yi tun ina saurayi. Mai amalanke ya hau ya riƙa famfa mini birki har ya yi tauri. Na iso gida kafin ruwan ya sauko, ina jin kaina gwani.

Na ce gobe zan kai gareji. Goben ta zama ranar kasuwa, na ce jibi. Da na ga mota na tsayawa in na taka, sai na sayi man birki na ƙara a kan ruwan sabulun, na rufe bonet. Tun ina tunawa duk sati har na koma tunawa sai in na ga amalanke. Ka ji yadda gyaran yini guda ya kai shekara huɗu. Duk dabarar da ka yi wa mota a daji, ka warware ta ranar da ka iso gari, kafin ka ci abinci, don in ka ci ka ƙoshi ba za ka tashi ba.

In kana shakkar maganata, kuma na san kana yi, gwadawa ba wuya. Ka sa duwatsu a tayoyin gaba, ka ɗaga bayan motar da jak, ka sa giya a firi, ka saki hambirki. Ka ce wa Hadiza ta zauna ta taka birki da ƙarfinta. Ka kama tayar dama ka juya, ba za ta motsa ba. Ka kama ta hagu, za ta juya maka kamar dutsen niƙa. Kada hambirki ya ruɗe ka, shi da igiyar ƙarfe yake aiki ba da mai ba, shi ya sa in ka ja shi ƙafar ke kamawa, kuma shi ya rufa mini asiri duk shekarun nan.

Ka kai ta wurin Malam Garba, makanikin nan ɗan Illela da ya koma Sakkwato, garejinsa na bayan layin Goggonku. Ka faɗa masa komai yadda na rubuta, ba sai ka kare ni ba, ya san ni tun ba yau ba. A cire ƙusar. A sake bututun, don abin da ya yi shekara huɗu a bushe tsatsa ta cinye cikinsa. A sake ɗan tulun. Takalman birkin da suka sha mai a zubar da su, kuma a sake na ƙafafun baya duka biyu, ba ɗaya ba, in ba haka ba motar za ta riƙa fizga gefe guda. A duba na gaba, don su suka yi ta ɗaukar aikin da ba nasu ba, ba mamaki sun kusa cinyewa. Daga nan a tsiyaye man birkin nan kaf, a zuba sabo har sai wanda ke fita ta kowace ƙafa ya fito garau ba kumfa, a fara da ƙafar da ta fi nisa da direba. Man ya zama irin wanda aka rubuta a murfin gwangwanin, daga gorar da aka ɓalle a gabanka. Wanda aka buɗe aka ajiye a tebur bakin titi ya riga ya sha raɓa. Ka tsaya a kansu har a gama. Kada ka bar mota ka tafi ofis a ce maka an yi. In wani a garejin ya ce maka ai haka kowa ke yi, ƙafa uku ma ta isa, ka tambaye shi ko ya taɓa ganin dutse da idonsa.

Don abin da ya cuce mu a nan ke nan. Ƙasarmu shimfiɗe take. Daga Illela ka nufi Konni ko ka nufi Gwadabawa, ko ka shiga ƙauyuka, in ka ɗaga ƙafa daga totur mota da kanta take gajiya ta tsaya. Rairayi ne birkinmu, na ƙarfen ado ne. Shi ya sa direban Illela zai yi shekara talatin yana wasa da birki ya mutu a kan gadonsa, a yi ta yabon hannunsa. Ni ma cikinsu nake. Inda za ka babu wannan alfarmar.

Sau ɗaya na taɓa zuwa Mambila, ina matashi, ina tuƙa wani falke mai fataucin shanu. Hanyar murɗewa take tana hawa, dutse a hannu guda, ɗaya hannun ba komai sai sarari, kana leƙa gajimare a ƙarƙashinka. Hawa ba shi ne abin tsoro ba. Saukowa ce, mai tsawo, ka yi ta gangara kana jiran ƙarshe ba ya zuwa. Ko kan hanyarka ta hawa akwai gangare, balle aikinka na bin rugage, yau sama gobe ƙasa. A irin wannan wuri birki zafi yake ɗauka. Ƙafa uku za su yi aikin huɗu, su fi saurin ƙuna. Ruwan da na zuba yana nan gauraye da man, zafi zai tafasa shi ya zama tururi, tururi kuwa ba ya tura komai. Za ka taka ka ji ƙafarka ta wuce ƙasa yadda tawa ta wuce a hanyar Tozai, sai dai a can ba rairayin da zai tare ka. Kuma ba ya sanarwa, a kwanar farko lafiya, a ta biyar babu.

Sai maganar firi. Ran Juma'ar da ka kai ni masallaci na ga hannunka ya tura giya firi tun muna nesa da mahaɗa, ka bar mota tana sulalawa. Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan yi faɗa, sai na tuna wa ka gani yana yi. Tun zamanin motoci masu kuloci muke haka, wai tsimin mai, na kuma kawo halin cikin mai otomatik. Wata rana a hanyar Lafani na sa ta firi tana tafiya da gudu, injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Na taka birki sau ɗaya ya kama kaɗan, na biyu ya ƙame kamar dutse. Sitiyari ya yi nauyi, ga kwana. Na faɗa gonar gero, na kwantar da kunya wajen goma kafin ƙasa ta riƙe ni. Mai gonar ya zo yana salati, na ce masa akuya ce ta gifta. Ya duba gabas ya duba yamma bai ga akuya ba, ya dai ce Allah Ya kiyaye gaba. Ko a gida akuyar na kawo, har Innarku ta riƙa tsine wa masu sakin dabbobi da damina.

To ka saurara. Mota mai otomatik ba a sa ta firi tana tafiya, ko a ina, balle a gangare. Kafin ka fara sauka, tun kana kan shimfiɗe, ka rage gudu ka ja giya zuwa 2. In gangaren ya yi tsanani ka rage sosai ka kai ta L. Injin zai yi kuka, Hadiza za ta ce motar na wahala, ka ƙyale shi, aikinsa yake yi, shi ke riƙe ku ba birki ba. Birki kuma kada ka ɗora masa ƙafa ka manta ta a kai. Ka taka sosai gudu ya ragu, ka ɗaga ya sha iska, ka sake takawa. Ƙafar dama kaɗai ke aiki, ta hagu ka ajiye ta gefe, na ga wani lokaci kana ɗora ta a birki kana ba da wuta da ɗayar. Da ka ji ƙauri, ko ka ji birki ya fara laushi, ka samu wuri mai faɗi ka tsaya, ka sa dutse a taya, ku sauka ku zauna har ya huce. Kada ka watsa masa ruwa, ƙarfen zai karkace ko ya tsage. Direbobin can za su wuce ka suna hon suna yi maka dariyar baƙunta, ka ɗaga musu hannu. In za ka ajiye ta a kan tudu, ka ja hambirki tukuna, motar ta zauna a kansa, sannan ka sa P. In ka fara sa P nauyin motar duka ya hau kan wani ɗan haƙori a cikin giya, wata rana sai ta ƙi fita.

Giyar kanta akwai abin da ba ka sani ba. Wadda ke cikin motar ba ita ta zo da ita ba, ta farkon ni na kashe ta. Kana jami'a lokacin. Na kafe a rairayin wani busasshen rafi kusa da Garu, da rana tsaka, cikin zafin bazara. Mutanen ƙauye sun taru suna kallo, wasu sun ce a kawo fatanya a haƙa. Na ce ba sai an wahala ba, wannan ba irin motocin da suka saba gani ba ne. Na riƙa wurga giya gaba, in ba ta wuta, in wurga ribas tun taya na juyawa, in ba ta wuta. Motar na ƙara nutsewa, ni ina ƙara zuciya. Har wari ya fara tashi irin na tukunyar da ta kama. Can sai na ji injin na ihu amma taya ko motsi. Maimakon in tsaya nan, na sa wata tifa ta fizgo ni, ta kuma ja ni har Illela da igiya, injina a kashe, ƙafafu huɗu a ƙasa. In injin ba ya aiki mai ba ya zagaya cikin giya, ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Abin da rairayi ya rage, jan nan ya ƙarasa. Da Malam Garba ya kwance ta man ya fito baƙi ƙirin da ɓarɓashi a ciki. Ni kuwa na fita gari ina cewa dama giyar tun asali ba ta da kyau. Daga Konni aka samo wata tsohuwa aka sa, ita ke ɗauke da ku yanzu, kuma ba yarinya ba ce.

Saboda haka in ka kafe, a taɓo ko a yashi, da ka ji taya ta juya sau biyu a banza ka ɗaga ƙafa. Ka fito ka duba da idonka. A haƙa gaban tayoyin, a shimfiɗa rassa, ka rage wa tayoyi iska kaɗan. Ga ƙaramar sandar nan ta gefen giya wadda ka ce mini ba ka taɓa taɓa ta ba, abin da ya fi ba ni haushi a duk maganganunka. Ka tsayar da mota cak, ka sa firi, sannan ka ja ta zuwa ƙaramin gudu, ka koma D ka fita a hankali kamar mai tafiya da ƙwai. Da ka hau kwalta ka mayar da ita inda take, ba a yawo da ƙafa huɗu a haɗe a kan busasshen titi. Tsakanin gaba da ribas kullum sai mota ta tsaya tukuna. In ta mutu a daji, Fulanin da za ka je wa aiki mutanen kirki ne, za su ce ka hau su tura. Ka gode musu, amma mai otomatik ba ta tashi da turi, ko rugar duka ta taru. Ka kula da batir, ka riƙa yawo da wayar jona wuta. In kuwa dole sai an ja ta nesa, a kwance farfelar ƙarƙashi, ƙarfen da ke haɗa giya da tayoyi, tukuna, ko a ɗora ta a bayan babbar mota.

Duba man giya ma sai da na yi shirme kafin na iya. Da sassafe nake zare sandar gwaji, mota a kashe, in ga kamar ya yi ƙasa ko ya yi sama, in yi ta ƙari da ka. Har na cika shi ya riƙa kumfa, motar na shiga giya da fizga kamar jaki ya ji tsinke. Ba haka ake yi ba. Sai ka ɗan yi tafiya ta yi ɗumi, ka tsaya a wuri mai daidai, injin na aiki, ƙafarka a birki ka bi da sandar giya kowane gurbi a hankali ka dawo P. Sannan ka zare sandar gwajin, ka goge, ka mayar, ka sake zarewa ka karanta. Ka ɗiga man a farin ƙyalle. In ja ne garau kamar zoɓo, lafiya. In ya yi duhu yana ƙauri, a sake shi. In ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga, ko daga lagireto ko daga rafin da ka ratsa, kada ka ƙara ko taku ɗaya da ita. Kuma man giya daban, baƙin man inji daban, duk wanda ya ce maka mai mai ne ka karɓe makullinka ka bar wurin. In ka sa D ta yi jinkirin kamawa, ko ka ba ta wuta injin ya ɗaga murya gudu bai ƙaru ba, ta fara gaya maka ne, ka saurare ta fiye da yadda kake saurarena. Can ƙasar ruwa ce, duk rafin da ka ratsa, da ka fito ka ɗan taka birki kana tafiya a hankali har ya bushe, kafin gangare ya same ka da jiƙaƙƙen birki.

Na san abin da ke ranka yanzu. Kana cewa duk wannan me ya hana a faɗa maka ran Litinin, kana tsaye a ƙofar gida. Ni ma tambayar da nake yi wa kaina ke nan. Na kwana da niyyar in ja ka zaure in faɗa maka. Da gari ya waye sai maƙwabta suka cika ƙofar gida, liman ya zo addu'a. Kowa na shafa motar yana cewa ka yi dace, motar Alhaji ce, ba ta taɓa kunyata shi ba, hannunsa ba ya ɓata ƙarfe. Wani har ya ce in dai ni na riƙe mota, a rufe ido a shiga. Ina tsaye ina murmushi ina amsa yabo. Na ɗauki Balkisu da hannuna na sa ta a kujerar baya, gefen hagu, daidai saman ƙafar nan. Ta ja mini gemu ta ce in ba ni da kuɗin zance ta fasa aurena. Kowa ya yi dariya. Ka leƙo ta taga ka ce, "Baba, akwai wani abu?" Na ce a'a, a dai bi a hankali. Ka ja mota, ina ɗaga hannu. Na zaɓi mutuncina a gaban mutane goma sha, na bar ku kuka tafi. A duk kurakuran da na lissafa maka babu wanda ya kai wannan, sauran rashin sani ne da ganganci, wannan kuwa da sanina na yi shi. In ka ga abin da zai cuci wani, ka faɗa a lokacin, ko gaban wa, ko da kai za a yi wa dariya.

Jiya da hantsi na kasa riƙewa, na faɗa wa Innarku. Tana tsakar gida tana tsince wake. Shekara talatin da biyar tana zama gefena a mota, ko a gidan biki in ana hirar direbobi sai ta ce ita ba ta san tsoron hanya ba. Na faɗa mata ƙusa, na faɗa mata sabulu, har akuyar Lafani na ce mata babu ita. Ta ajiye faifan.

Ta ce, "Shekara huɗu ina shiga motag ga, ina ɗauke da jikata bisa cinya, kana sane?"

Na ce ina sane.

"Kuma kab bari sunka tahi."

Sannan ta ce in je in rubuta, duka, kada in rage ko ɗaya. Na ce zan ba direban tasha ya kai maka.

Ta ce, "A'a. Ni ka kai ta."

Don haka wadda ta miƙo maka takardar nan ka gan ta. Matar da gwiwa ta hana ta zuwa ko sunan unguwa, ita ce za ta shiga motar haya gobe da safe a matse ta har Sakkwato. Ta ce da ta iso za ta karɓi makullin motar ta ƙulle a bakin zanenta, ba mai kwance shi sai Malam Garba. Za ta sa a kai mata kujera garejin ta zauna, kuma ba za ta tashi ba sai an sa mata ƙusar nan a tafin hannu ta gani. Kada ka yi mata gardama, kada ka kawo mata zancen kwamfuta, ni na gwada gardama da ita shekara da shekaru ban ci ba. In gyaran ya kai ku Litinin, ku kai Litinin. Shanun Mambila sun yi haƙuri kafin a haife ka, za su ƙara na kwana biyu.

Tun da ta faɗi kalmomin nan ba ta sake yi mini magana ba. Abinci a bakin ƙofa nake tarar da shi. Ban ga laifinta ba.

Ban rubuto don neman ka yafe mini ba. Wannan ba maganar takarda ba ce, sai ka dawo hutu, mu zauna a zaure ni da kai, in faɗa da bakina kana kallona. Abin da nake so ke nan, ka dawo, ku ukun.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya hau da ku lafiya, Ya sauko da ku lafiya. Ya tsare gabanku da bayanku, Ya sa albarka a aikin da za ka fara, Ya haɗa ka da mutanen kirki a baƙuwar ƙasa. Ka gaida Goggonku, ka gaida Hadiza ka ba ta haƙuri a madadina. Amaryata kuma ka ce mata angonta na nan yana jira.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
daga Illela.